Sakan Talatin: Darasin da Na Koya a Gaban Tsohuwar Kwamfuta

A ɗakin da nake haya a Yamai akwai wata kwamfuta ta tebur da na saya ta hannu a shekarar da na shiga digiri na biyu. Ko a ranar da na ɗauko ta ma ta kwana biyu a duniya: akwatinta ya koɗe, fankarta tana gurnani idan bazara ta kankama, kuma Windows 10 ce a cikinta, da harshen Faransanci. Duk da haka ita ce gonata. A cikinta nake rubuta kundina, a cikinta kuma nake ajiye muryoyin da na naɗo a ƙasar Adar. Abin da zan ba da labarinsa ƙarami ne a ido, wato wata ƴar matsala da ta shafi madannin dama na linzaminta. Sai dai wannan ƙaramin abu ya kusa sa ni asarar aikin shekara guda, ya kuma sa na zalunci wanda bai ci ba bai sha ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi domin ƴan'uwana ɗalibai, waɗanda da yawansu duk wahalar karatunsu tana kwance ne a cikin na'ura ɗaya tak.

Wanda ya saba da kwamfuta ya san cewa linzami, wanda wasunmu ke kira kusu saboda sunansa na Faransanci, yana da madanni biyu. Na hagu shi ne na zaɓa da buɗewa. Na dama kuwa, idan aka danna shi, sai ɗan jerin zaɓi ya fito: buɗe, buɗe da wata manhaja, kwafe, goge, canza suna, duba bayanan fayil. Wannan jeri ba ɗaya ba ne kullum. Abin da zai fito a kan fayil ɗin sauti daban, na kan dosiye daban, na kan fili marar komai a fuskar kwamfuta shi ma daban. Ɗalibin kimiyyar harshe ba zai yi mamakin haka ba, domin mun san cewa gurbin da ke cikin jimla shi ke ƙayyade kalmomin da za su iya shiga cikinsa.

Bincikena a kan naso ne a karin harshen Adar, musamman yadda -r ta mallaka take rikiɗa ta zama irin baƙin da ke biye da ita, har a ji "rigas sarki" da "gonam malam" a inda daidaitacciyar Hausa ke rubuta "rigar sarki" da "gonar malam". Ina auna tsawon waɗannan tagwayen baƙaƙe da Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Sau biyu na fita naɗar murya, a watan Disamba da watan Maris, a ƙauyukan da ke tsakanin Tawa da Keita da Buza. Na tara awa 26 a tsarin WAV, wanda kowane minti nasa ke cin wajen mega 5, jimla wajen giga 8. Na'urar naɗar ta aro ce daga wani abokin karatuna, kuma da na mayar masa ya goge katinta domin tasa tafiyar. Daga waɗannan dogayen hirarraki nake yanko gajerun guntaye, kowanne da fayil ɗinsa, in ba shi suna mai nuna mai magana da ƙauye da kalma. A wuni ɗaya nakan danna madannin dama sau sittin ko fiye.

Cikin waɗanda na naɗa akwai ƙanwar kakarmu ta wajen uwa, wadda mu duka muke kira Kaka. Ita ce ta fi kowa ba ni abin da nake nema, domin ba ta taɓa shiga makarantar boko ba, ba ta damu da rediyo ba, Adarancinta bai gauraya da komai ba. Ranar da muka gama zama na ƙarshe, ta daɗe tana kallon na'urar da ke kan tabarma, sannan ta ce: "Ɗan ga, in na mutu, muryata na nan ciki?" Na ce: "Tana nan, Kaka." Ta yi dariya ta ce to in adana ta da kyau. A lokacin raha na ɗauki maganar.

Da na dawo daga tafiya ta biyu, na juye sabon abin da na naɗo, na zauna zan fara aiki. Na danna dama a kan fayil na farko. Maimakon jerin zaɓi, sai ɗan zoben nan mai juyawa ya bayyana. Na jira, bai tsaya ba. Na sake dannawa, sai tagar ta yi fari fat, aka rubuta "Ne répond pas" a samanta. Can bayan na fara tunanin kashe na'urar, jerin ya fito kamar ba abin da ya faru. Na gwada a kan wani fayil, haka. Na kashe na kunna, haka. Ina cikin wannan ne idona ya faɗa kan wata sabuwar alama a fuskar kwamfutar, alamar wasan ƙwallon ƙafa. Nan take na yanke hukunci.

Ƙanena yana zaune tare da ni, yana ajin ƙarshe na lise, yana shirin jarrabawar bak. Kafin in tafi na ba shi izinin karanta darussansa a kwamfutar. Yana shigowa da yamma, ko jakarsa bai ajiye ba, na tare shi.

"Wa ya ba ka izinin sa wannan a kwamfutata?"

"Yaya, wani abokina ne ya ba ni a kile. Sau uku kawai na buga."

"Ka kwaso mata cuta. Daga yau kada ka sake taɓa ta."

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "To, Yaya." Na cire wasan, na sa manhajar rigakafi ta binciki na'urar tun daga farko har ƙarshe. Ba ta sami komai ba, kuma jinkirin bai ragu ko kaɗan ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya sake tunani. Ni kuwa sai na ce ai ɓarnar ta riga ta auku, cire wasan ba zai gyara ta ba. Haka yaron ya koma karanta darussansa a ƴar ƙaramar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ni kuma ina ganinsa kullum ban ji komai ba.

Mako uku na yi a haka. Wanda bai taɓa fuskantar irin wannan ba zai ce mene ne abin damuwa a jiran rabin minti. To, rabin minti sau sittin rabin awa ne a kowane wuni, kuma asarar ba ta tsaya a lokaci ba. A shekarar 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a kan harsuna goma, inda suka nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hira, a matsakaicin lissafi, ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Kunnen ɗan Adam ya saba da wannan sauri. Idan ka yi wa mutum tambaya ya yi shiru na sakan biyu, ka fara zaton wani abu. Haka muke mu'amala da na'ura ma: dannawa tambaya ce, muna kuma jiran amsa nan take. Duk lokacin da zoben nan ya fara juyawa, sai zaren tunanina ya tsinke, in manta tsawon baƙin da na gama aunawa, in ɗauko waya, in dawo ban san inda na tsaya ba. Ga zafin watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, ga wa'adin miƙa kundi a watan Yuni yana ta matsowa.

A cikin wannan hali ne Inna ta kira ni da asuba ta ce Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Na je gaisuwa na dawo, raina a ɓace, na ƙudurta cewa ko ta halin ƙaƙa sai na rabu da wannan matsala. Na ɗauki akwatin kwamfutar na sa a taksi na kai wa wani mai gyara. Ya kunna, ya danna dama, ya jira, ya girgiza kai.

"Wanke ta za a yi gaba ɗaya, a sake zuba mata Windows. Jika biyar ne."

Na ce ya yi. Har ya miƙa hannu zai ɗauko kile ɗinsa, sai ya tsaya ya dube ni.

"Malam, kana da kwafin kayanka a wani wuri?"

Na yi shiru. A wannan lokacin ne kawai na tuna cewa katin na'urar naɗa an goge shi, kuma awa 26 ɗin nan, har da muryar wadda muka binne kwana huɗu da suka wuce, ba su da wani mazauni a duniya sai faifan wannan tsohon akwati da na ɗauko a bayan taksi, ana ta girgiza shi a kan ramukan hanya.

"To ɗauki abinka ka je ka kwafe tukuna," in ji shi. "Ni ba na ɗaukar alhakin kayan mutane."

Ban san ko ya san girman alherin da ya yi mini ba. A ranar na sayi kile mai giga 32. Na danna dama a kan babban dosiyen, na jira rabin mintina ba tare da ƙorafi ba, na kwafe komai. Washegari na sake yin kwafi na biyu a faifan wani abokina. Sai bayan nan na iya barci.

Da na je ganin malamin da ke duba aikina, na fara kawo uzurin jinkiri, na ba shi labarin kwamfuta da wasan ƙwallo. Shi dattijo ne da bai damu da na'urori ba, amma ya saurare ni har ƙarshe.

"Ka ce wasan ne ya jawo. Ka cire shi?"

"Na cire, Malam."

"Matsalar ta tafi?"

"Ba ta tafi ba, Malam."

"Da ɗalibin shekarar farko zai kawo maka irin wannan hujja a kan wani sauti, za ka karɓa? Je ka duba a wane muhalli abin yake faruwa, a wane muhalli kuma ba ya faruwa. Ba abin da muke koya muku ke nan ba?"

Na fito ina jin kunya. A daren na ɗauki takarda na ja layuka kamar yadda muke yi idan muna neman rarrabewar sauti, na sa agogon waya kusa da ni. A kan fayil ɗin sauti: sakan 30. A kan fayil ɗin rubutu: sakan 30. A kan hoto: haka. A kan dosiye: haka. A kan fili marar komai a fuskar kwamfuta: jerin ya fito nan take. A cikin manhajar rubutu, a kan wata kalma: nan take. A cikin manhajar shiga intanet: nan take.

Wannan ɗan jadawali ya kawar da zato uku a lokaci guda. Linzamin lafiyarsa ƙalau, tunda madannin yana aiki a wasu wurare. Na'urar ba ta gaji gaba ɗaya ba, tunda sauran ayyuka suna tafiya daidai. Kuma fayilolin sautina ba su lalace ba, tunda kowane irin fayil haka yake yi. Sai na lura da abu na biyu. Na auna jinkirin sau goma, kowane karo yana tsakanin sakan 30 da 31. Na'urar da nauyi ya yi wa yawa ba ta jinkiri iri ɗaya haka. Wani lokaci takan yi sauri, wani lokaci ta yi nawa. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, na buɗe tagar da ke nuna ayyukan da ke gudana, na sake danna dama ina kallo. Ƙwaƙwalwar na'urar kusan a zaune take, faifan ma haka. Ashe duk tsawon wannan lokaci kwamfutar jira take yi, jira mai wa'adi, kamar wanda aka ce ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ƙirga talatin, in ba a amsa ba ya wuce.

Na kai takardata wurin wata ɗaliba a sashen ilimin kwamfuta da muke haɗuwa a ɗakin karatu. Ta duba, ta ce na riga na yi rabin aikin. Ga yadda ta bayyana mini, kuma daga baya na tabbatar da shi da kaina. Manhajar da ke nuna fayiloli da dosiyoyi a Windows ana kiranta Explorer. Idan aka danna dama, ita ke harhaɗa jerin zaɓin. Wasu layukan jerin rubutattu ne tun tuni a cikin rajistar na'ura, karanta su kawai take yi. Wasu kuwa na baƙi ne. Manhajoji da yawa, irin su na rigakafi, na matse fayil, na sauya tsarin sauti ko na ajiya a intanet, idan aka girka su sukan bar wani ɗan guntu nasu, fayil mai ƙarewa da .dll, su rubuta sunansa a rajista a ƙarƙashin wani reshe mai suna ContextMenuHandlers. Duk lokacin da aka danna dama, Explorer takan kira waɗannan ƴan rakiya ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowanne abin da yake so ya ƙara a jerin, kuma ba ta nuna jerin sai kowa ya amsa. Akwai reshen da ya shafi dukkan fayiloli, akwai na dosiyoyi, akwai kuma na filin da babu komai, shi ya sa muhalli ɗaya zai iya kamuwa wani ya tsira. Ta ce: "Kamar mota ce a tasha. Fasinja ɗaya ya sauka kiran ɗan'uwansa, duk sauran sai su zauna jiransa."

Ta sa mini wata ƙaramar manhaja a kile, ShellExView, ta NirSoft, wadda kyauta ce kuma ba ta bukatar girkawa. Aikinta shi ne jero dukkan waɗannan ƴan rakiya, da sunan kowanne, da irinsa, da manhajar da ta kawo shi, da wurin da fayil ɗinsa yake. Tana iya ɓoye waɗanda suka zo tare da Windows, ta bar na baƙi kawai. Ana dakatar da wanda aka zaɓa da F7, a mayar da shi da F8, sannan a sake tayar da Explorer domin canjin ya kama. Ta gargaɗe ni da abu ɗaya: in dakatar kawai, kada in goge komai, kada kuma in shiga rajista da hannu in ban san abin da nake yi ba. Abin da aka dakatar ana iya mayar da shi, abin da aka goge kuwa sai dai haƙuri.

Na sami baƙi goma sha huɗu masu alaƙa da jerin zaɓi. Na dakatar da su duka, na danna dama, jerin ya fito kafin in ɗage yatsa. Wannan ya tabbatar da cewa mai laifin yana cikinsu. A nan ne horon da muka samu ya yi mini amfani. Idan muna so mu tabbatar da cewa b da ɓ ƙwayoyin sauti ne mabambanta, mukan kawo zubin kamantau irin "bari" da "ɓari", inda komai ɗaya ne in ban da abu ɗaya. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, waɗanda karin sauti kaɗai ya raba. Idan abubuwa biyu suka canza a lokaci guda, hujja ta rushe. Saboda haka ban taɓa wani abu a na'urar ba sai wannan jeri. Maimakon in bi su ɗaya ɗaya kuma, sai na raba su biyu. Na mayar da bakwai: lafiya lau. To yana cikin sauran bakwai. Na mayar da huɗu daga cikinsu: jinkiri ya dawo. Na dakatar da biyu daga cikin huɗun: jinkiri yana nan. Saura biyu. Na dakatar da ɗaya: jerin ya fito nan take. Gwaji huɗu suka fitar da ɗaya daga cikin goma sha huɗu. Ko da talatin da biyu ne, gwaji biyar sun isa, muddin mai laifin ɗaya ne. Idan kuwa rabi biyun duka suka nuna jinkiri, to masu laifin sun fi ɗaya, sai a bi kowane rabi daban.

Na duba sunan wanda ya rage, na duba wurin da fayil ɗinsa yake, sai jikina ya yi sanyi. Babu ruwansa da wasan ƙwallo. Ragowar wata manhajar ajiya a intanet ce da ni da kaina na girka bayan tafiyata ta farko, da niyyar adana muryoyin. Ba ta ɗora ko kashi ɗaya cikin goma ba kuɗin intanet ɗina ya ƙare. A daren da zan yi tafiya ta biyu, na haɗa waya da kwamfuta zan aika wa malamina saƙo, ta sake cinye ɗan abin da na saya. Cikin fushi na rufe ta, na shiga dosiyenta na goge da hannu, maimakon in cire ta ta hanyar da aka tanada. Na tuna sarai an ce mini akwai fayil ɗaya da ba zai gogu ba domin ana amfani da shi, na danna a tsallake shi, na kashe na'ura na kwanta. Wannan fayil shi ne ɗan rakiyar, kuma Explorer ce ke riƙe da shi. Tun daga ranar, duk lokacin da aka danna dama sai ya tashi neman uwar manhajarsa da na riga na kora, ya jira har wa'adinsa ya cika. Laifin ba na manhajar ba ne ma, nawa ne. Na sake girka ta, na cire ta yadda ya kamata ta wurin saitin manhajoji, na mayar da sauran goma sha ukun. Matsalar ba ta sake dawowa ba.

Domin amfanin wanda zai gamu da irin wannan, ya sani cewa ɗan rakiya marar lafiya shi ne sanadin da aka fi gani, amma akwai wasu. Idan jinkirin yana faruwa ne a kan filin da babu komai kaɗai, a fara duba ɗan rakiyar da ke zuwa tare da manhajar katin hoto. Idan na'urar ta taɓa zama a wani ofishi mai faifan tarayya, wataƙila tana neman faifan da ba ya nan. A duba ko akwai irin wannan haɗi da ya mutu a cire shi, a kuma danna madannin Windows da R, a rubuta shell:sendto, a ga ko akwai gajeriyar hanya mai nuni zuwa wurin da babu shi. Idan ana zargin fayilolin Windows ɗin kansu, umarnin sfc /scannow yana bincikarsu ya gyara abin da ya iya. A Windows 11, wadda ta fito a shekarar 2021, an taƙaita jerin, an mayar da tsohon jerin ƙarƙashin layin ƙarshe, don haka yana da kyau a gwada kowannensu daban. Amma idan jinkirin ba shi da tsayayyen lokaci, ya shafi buɗewa da kwafewa da komai, musamman in ana jin wata ƙara daga cikin akwati, to a bar duk wani bincike a kwashe kaya tukuna, domin faifai mai shirin mutuwa ba ya sallama. A gaskiya ma, kowane irin jinkiri ne, kwafi shi ne matakin farko. Wanke na'ura kuwa shi ne na ƙarshe. Da an wanke tawa da jinkirin ya tafi, amma da har yau ina zargin ƙanena.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Shekara biyar ana koya mini kada in yanke hukunci a kan misali ɗaya, in nemi misalin da zai rushe ra'ayina kafin in nemi wanda zai goyi bayansa, kada in ɗauka cewa abubuwa biyu da suka zo tare ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ina kiyaye wannan a kan wasula da baƙaƙe, har ina gyara wa ƴan ƙasa da ni. Amma da abin ya zo cikin ɗakina, alama ɗaya a fuskar kwamfuta ta ishe ni hujja, domin wanda ake zargi ƙarami ne kuma ba zai yi musu da ni ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a zahiri na taka nawa, da yatsana, a daren da zan yi tafiya.

A al'adarmu ba abu ne mai sauƙi ba babba ya nemi gafarar ƙaninsa. Na yi ta juya maganar har bayan sallar isha'i. Yana kwance a kan tabarma, wayar nan a hannunsa. Na kira shi, na nuna masa jerin, na nuna masa fayil ɗin, na faɗa masa yadda aka yi tun daga farko.

"Ba kai ba ne. Ni ne. Ka yafe mini."

"Haba Yaya, ba komai." Ya ɗan yi shiru. "Tun ranar da ka tafi take yin haka, kafin in sa wasan. Na so in faɗa maka."

"Me ya hana ka?"

"Ka riga ka yi fushi."

Ashe shaidar da za ta warware komai tana tare da ni a ɗaki ɗaya tsawon mako uku, ni ne na toshe mata baki. Mu da muke fita neman masu ba da bayani har ƙauyuka masu nisa, muna zaune a gabansu da ladabi muna roƙon su maimaita kalma, ya kamata mu san cewa wanda aka tsorata ba ya ba da bayani.

Na tashi na ba shi kujerar. Kafin ya buɗe darasinsa na ce ya dakata, na sa masa wani guntu daga hirar Kaka, inda take ba da labarin wata shekarar yunwa da yadda suka yi ƙaura suka dawo. Muka saurara har ƙarshe ba wanda ya ce uffan. Yanzu muryar tana wuri uku: a kwamfuta, a kile da ke cikin akwatin tufafina, da kuma faifan abokina a wata unguwa. Idan Allah ya kai mu hutu zan kai wa Inna kwafi na huɗu.

Washegari ina aiki yana tsaye a bayana, ya ga na danna dama zan canza sunan wani fayil. Ya ce: "Yaya, ai in ka zaɓi fayil ka danna F2, shi ma yana canza suna." Na gwada, haka ne. Na tambaye shi tun yaushe ya san wannan, ya ce tun suna aji uku na kwaleji.